Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamanmu da masu unguwanni da 'yan kwamitin takiyya na Gadarif, kan tsofaffinmu da ke rikicewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai, ranku ya daɗe iyayenmu masu unguwanni, sannunku da aiki ƙannena samari da 'yan mata da kuke tsaye kan tukwanen takiyya, wato girkin sadakar da ake raba wa jama'a, ba dare ba rana, Allah ya biya ku. Ni 'yarku ce, sista ce a wata ƙaramar cibiyar lafiya nan cikin Gadarif a gabashin Sudan, kuma na zaɓi in rubuto a fili ne don ni mace ce, ba na zama a inda kuke zama bayan sallar isha kuna yanke shawara, to ga hanyar da na samu.

Maganata a kan ƙwaƙwalwar tsofaffinmu ce. Tun da yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, sannan Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, garin nan ya cika da baƙi, makarantu suka koma gidajen kwana, kowa hankalinsa ya tafi kan abinci da kwalara da yaran da suka rame, kuma daidai ne hakan. Amma akwai wani ciwo da yake cin mutane a ɓoye wanda ba wanda yake saka shi a lissafi, shi ne abin da muke kira gigin tsufa ko rikicin tsufa, kuma wallahi yadda nake ganin dattawa suna zamewa cikinsa da sauri tun bayan gudun hijirar nan ya ishe ni tsoro. Wanda ya zo da hankalinsa garas daga Madani ko Mai Wurno, bayan wasu watanni sai ka ga bai san yau wace rana ba, yana tambayar abu ɗaya sau goma, ya daina gane jikokinsa. In ka yi magana a ce miki ai tsufa ne sista, me za a yi. Da wannan "me za a yi" ɗin nake rigima.

Allah gafarta malam kun fi ni sanin ayar da ke cikin Suratun Nahl da Suratul Hajj wadda ta ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kun kuma san Annabi (SAW) ya nemi tsari daga wannan halin. Ayar cewa ta yi "daga cikinku akwai wanda", ba ta ce dukkanku ba. Likitanci ma haka ya gano. Mantuwar ina na ajiye carbi ko sunan wani ya ɓace maka ya dawo an jima, wannan kowa na yi. Amma mutum ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana bi, ko tsohuwa ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone ba sau ɗaya ba, ko ɗan kasuwan da yake lissafin buhunan riɗi da ka ya kasa ƙirga canjin burodi, wannan kam cuta ce a cikin ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffi da yawa suna kai shekara casa'in ba ta taɓa su ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ne ke ɗauke da ita, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi irin namu da masu matsakaicin ƙarfi, don haka a daina cewa ciwon Turawa ne. Mafi yawanta, kashi 60 zuwa 70, ita ce wadda ake kira Alzaima, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Ta biyunta kuwa, wadda ni nake yawan zargi a nan wajenmu, daga jijiyoyin jini take zuwa.

Bari in tsaya a nan don nan ne muke da abin yi. Iyayenmu da suka yi aikin auduga a Jazira sun san yadda ruwa yake baro babbar tur'a, wato babban magudani, ya shiga matsakaicin da ake kira abu ishirin, daga nan ya shiga ƙananan magudanai har ya kai ƙarshen hawasha, wato gonar manomi, in ƙaramin magudani ɗaya ya toshe sashen da yake shayarwa ne kawai zai bushe, mai wucewa ba zai ma lura ba, sai sun toshe da yawa sannan a ga gona ta mutu. To haka hawan jini yake yi wa ƙwaƙwalwa, yana lalata ƙananan jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru ba ciwo ba zazzaɓi, mutum yana yawonsa yana cewa lafiyarsa ƙalau, sai wata rana iyali su ce Baba ya canza. Dagat ɗin nan, wato hawan jini, ba ya sallama. Mutanenmu kuma ga al'adar in kai ya daina ciwo sai a ajiye ƙwaya, a ce an warke, alhali maganin hawan jini na kullum ne har ƙarshen rayuwa. Yaƙi ya zo ya ƙara dagula abin, wanda ya gudo ya bar katin asibitinsa da kwalin maganinsa a gida, bai ma san sunan ƙwayar ba sai dai ya ce miki "'yar fara ƙarama", kuɗin da za a kai ajzahana, wato kantin magani, an sayi gawayi da shi, wata shida wata takwas ba magani, in na ɗaura masa na'ura in ga 190 bisa 110 yana zaune yana mini murmushi. Sukari ma haka, ga shayinmu da kofin jabana cokali uku cokali huɗu, safe da rana da yamma.

Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya fitar da rahoto a 2020 ya sake sabunta shi a 2024, suka lissafa abubuwa 14 da suka ce da za a kawar da su da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu wannan cuta an hana ta ko an jinkirta ta. Kusan rabi fa kenan. A ciki akwai hawan jini da sukari da kitsen jini da ƙiba da shan taba da giya da rashin motsa jiki da buguwar kai da hayaƙi da ƙarancin karatu tun yarinta da ciwon damuwa, sai guda uku da nake so ku riƙe sosai don ba sa buƙatar babban asibiti, raunin ji, raunin gani, da kaɗaici. A Finlan an yi gwaji kan dattawa 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 na tsawon shekara biyu, rabi aka haɗa musu gyaran abinci da motsa jiki da aikin ƙwaƙwalwa da bibiyar jini, sakamakon ya fito a 2015 kuma waɗannan sun fi sauran riƙe kaifin tunani. Na kusa da mu kuma, binciken da aka fara a 1992 wanda ya kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatan Amurka a Indiyanapolis, an samu cutar ta fi ƙaranci a Ibadan nesa ba kusa ba, inda a lokacin hawan jini da sukari da kitsen jini ba su kai na can yawa ba. Ya'ani yadda ake rayuwa yana da hannu a ciki sosai.

To ga roƙona na farko, kuma shi ne mafi sauƙi. Kowane masallacin Juma'a a unguwanninmu ya mallaki na'urar awon jini ta batir, ko da ta karo-karo ce. Mun iya haɗa kuɗin janareto da tabarmi da lasifika, wannan ba ta kai su tsada ba. Ɗaliban likitanci da na jinya da yaƙi ya zaunar a gida suna nan birjik cikin 'yan takiyya, a ba biyu su zauna bayan sallah da littafi, duk wanda ya haura shekara arba'in a gwada shi a rubuta, wanda ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a sake gwadawa wani satin, in ya tsaya a haka a turo mana shi. Na ce arba'in da gangan, don ɓarnar tun a tsakiyar rayuwa take farawa. Mata kuma a kai musu na'urar inda suke, wajen layin abinci ko gidan da ake taron adashi, don in aka bar ta a masallaci kawai iyayenmu mata ba za su taɓa ganinta ba. Ku masu girkin takiyya ku sassauta hannu kan gishiri da dunƙulen magi a waken adas da ful, abin da aka ƙayyade wa babba a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da miya.

Na biyu, kuma wannan ku malamai ne kaɗai za ku iya gyara shi don ku ake fara kira kafin mu. Rikicewa iri biyu ce. Akwai mai zuwa a hankali cikin watanni da shekaru, akwai kuma wadda tsoho yake kwana lafiya ya tashi bai san inda yake ba, yana fizge-fizge yana ganin mutane a jikin bango yana zagin wanda bai taɓa zagi ba. Wannan ta biyun yawanci jiki ne ya kamu da wani abu, malariya, ciwon fitsari, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, sukari ya faɗi ƙasa, ko wata ƙwaya da aka ba shi, kuma in aka yi maganin sanadin hankali yana dawowa. An taɓa kawo mana wata Hajiya a kan gadon angarib a bayan karo, wato amalanken jaki, leɓenta ya tsattsage, zanin jikinta yana warin fitsari mai ƙarfi, ga laya a wuya ga ragowar rubutu ya bushe a haɓarta, 'ya'yanta suna kuka sun ce iska ce ta buge ta a makarantar da aka sauke su, an yi kwanaki ana ruƙiyya. Ciwon mafitsara ne ya shiga mata jini. Ruwa da allura aka sa mata, da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne wa yake kula mata da awakinta. Da an ƙara jinkiri kaɗan da gawa za a ɗauka. Ni ban ce a bar addu'a ba, wa ni, amma don Allah malam in aka kira ka kan tsohon da ya rikice farat ɗaya, ka yi masa addu'ar a cikin raksha mai ƙafa uku kuna hanyar asibiti. Haka in baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci, shanyewar ɓarin jiki ce take gargaɗi, ba a kwana da ita a gida.

Ko mai zuwa a hankalin ma a kawo a duba, don wani lokacin ƙarancin bitamin B12 ne, musamman ga wanda ya daɗe yana shan metfomin na sukari ko ya daɗe bai ga nama da madara ba, wani lokacin maƙoƙo ne ya yi sanyi, wani lokacin kuma baƙin ciki ne tsagwaronsa, mutumin da ya rasa gida da ɗa da dukiya a wata ɗaya ya yi shiru ya daina ci sai a ɗauka gigi ne. Duk waɗannan suna da magani. Alzaima ita kam har yau ba ta da maganin warkewa, ƙwayoyin da ake bayarwa sassauci kawai suke yi na wani lokaci, don haka masu yawo da kwalabe suna cewa maganin buɗe ƙwaƙwalwa ne kuɗinku kawai suke ci. Sannan a daina ɗirka wa tsofaffi ƙwayar barci da firiton na mura da ƙaiƙayi don su yi shiru da dare, su ne suke ƙara rikita su su kuma jawo faɗuwa.

Azumi ma ku taimaka mana. Zafin garin nan yana wuce digiri 40, tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, ga shi yana shan maganin sukari, ya dage sai ya kai azumi don kunyar a ce ya gaza. Mu in mun faɗa ba ya ji, amma in liman ya hau mumbari ya ce Allah ya yi rangwame ga tsohon da ba zai iya ba, ya ciyar, to magana ta ƙare.

Yanzu kaɗaici, wanda shi ne ya fi ci mini rai. A da ba mu san shi ba. Dattijo yana da rakubarsa, rumfar zamansa, a ƙofar gida, yana da abokan hira, shi ake kai wa ƙarar rikicin aure da na iyakar gona, shi yake karɓar haddar yara da asuba, tsohuwa tana da jikoki a gindinta tana tsinkar ƙuli-ƙuli ko tana dama godogodo tana ba da umarni. Hijira ta kwashe wannan duka. Yanzu yana kwance a kusurwar aji a bayan labulen buhu, abokansa wasu sun rasu wasu suna Kasala wasu Bur Sudan wasu Masar, yara kowa kansa a cikin waya, ba mai tambayarsa ra'ayi kan komai, abinci kawai ake miƙa masa. Ƙwaƙwalwar da ba a tambayarta komai lalacewa take yi. Mu kuma da sunan girmamawa muke ƙarasa su, Baba zauna kar ka tashi, Inna bari kar ki taɓa, kin gaji. A bar su su taɓa mana. Tafiya zuwa masallaci sau biyar da ƙafa magani ce, abin da ake so a sati minti 150 ne na motsa jiki kuma wannan tafiyar kaɗai ta kusa biya, to maimakon a ce ya yi sallah a gida don kar ya faɗi, a haɗa shi da jika ya riƙe masa hannu. A takiyya a ba tsofaffi mata tsintar adas da yankan albasa da ɗanɗana miya, a zaunar da dattawa kan rabon layi da sasanta masu faɗa, a mayar da su halwa, wato makarantar allo, su saurari karatun yara ko da awa ɗaya ce.

Kuma akwai abin da su kaɗai suka sani. Kakanninsu da ƙafa suka taho daga Kano da Katsina da Haɗeja da Sakkwato da niyyar hajji, wasu sun biyo ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903 wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kawo har bakin Shuɗin Nilu, wasu sun zo aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 suka zauna. Sunan garin da aka baro, wa ya haifi wa, a ina aka yada zango, waƙoƙin daka da na biki, duk a kan waɗannan tsofaffin suke, ba a takarda ba. Mai wannan cuta yakan manta abin da ya ci da safe amma labarin shekara sittin yana nan daram, kuma in ka tambaye shi za ka ga fuskarsa ta washe ya gyara zama. Samari ku kunna rikoda a wayoyin nan ku zauna ku tambaya, shi kun motsa masa ƙwaƙwalwa ku kuma kun san asalinku.

Kunne da ido kuwa, sau da yawa tsohon da ake cewa ya daina hira ba ya ji ne kawai, ya gaji da cewa "na'am?" ana masa tsawa sai ya janye. Rahoton 2024 ɗin nan ya sa raunin ji cikin mafi girman abubuwan, kashi 7 cikin ɗari shi kaɗai. Wani dattin kunne ne ya toshe, wankewa kawai yake so a cibiya, ba da tsinke ko gashin kaza ba. Yanar ido aikin mintoci ne, in aka ji sanarwar masu aikin ido kyauta sun zo gari masu unguwanni ku sa a bi gida-gida a rubuta sunaye a nemi mota, kar a bar wa tsoho ya kai kansa.

Waɗanda cutar ta riga ta kama kuma haƙƙinsu yana wuyanmu. Akwai wata baiwar Allah a kusa da mu, kullum la'asar sakaliya sai ta ƙulle 'yan tsummokaranta a ɗankwali ta ɗora a ka ta ce za ta tafi gida yara sun kusa dawowa daga makaranta, yaran da take nufi yau suna da furfura. Yaran unguwa suna binta suna dariya, har na ji wata babba da bakinta tana cewa a yi hankali da ita mayya ce tunda tana yawon dare tana kiran sunayen matattu. Inna lillahi. Malam wannan kalmar tana iya sa a kashe mutum, ku yi huɗuba a kanta da sunanta ƙarara. Ku faɗa wa mutane mai wannan hali an ɗauke masa alƙalami, in ya yi sallar azahar sau uku ko ya manta alwala ba a yi masa tsawa, in ya ce an sace masa kuɗi ba a rantse-rantse da shi, a taya shi nema a canza zance. In ta ce za ta gida kar a ce mata gidan ya ƙone, kullum sai ta ji shi sabo ta yi kuka sabo, a ce to Inna mu sha shayi tukuna. A ɗinka takarda mai suna da lambar waya a aljihun jallabiya ko bakin tobe, don a wannan zamani na shingayen bincike tsohon da ya ɓace ba takarda, Larabcinsa ya gudu ya bar shi da Hausa zalla kamar yadda cutar take yi wa masu harshe biyu, bai iya faɗin sunan unguwarsa ba, kun san irin wahalar da zai iya faɗawa. Ku kuma tsawata kan masu lallaɓa tsoho ya dangwala hannu a takardar gida ko gona, ko su karɓe wayarsa su kwashe abin da 'ya'yansa suka turo ta manhajar banki ta Bankak, in hankali ya fara rauni a naɗa amintacce a gaban shaidu tun da wuri.

Kar a manta da mai jinyar. Kusan kullum mace ɗaya ce, 'ya ko suruka, ita ce wanki ita ce goge kashi ita ce rashin barci, 'yan'uwa maza suna waje suna turo gaisuwa ta WhatsApp, in ta gaji ta ɗaga murya a ce ba ta da tarbiyya. Muna yin nafir, wato gayya, mu gina ɗaki mu yi girbin dawa, to a yi nafir na jinya, maƙwabta su karɓe ta ko yini ɗaya a sati ta yi barci ta je ta ga danginta, kwamitin takiyya kuma ya san gidajen nan ya kai musu abinci har ƙofa don ba za ta iya barin tsohuwa ta zo ta bi layi ba.

Ina roƙon ku sa maganar nan a zamanku na gaba, ku zaɓi masallaci ɗaya a fara da shi. Ni da abokan aikina biyu mun yarda za mu zo ranar Juma'a bayan an sauko mu koya wa samarin yadda ake ɗaura na'ura da yadda ake rubutawa, za mu zo da tamu kafin ku sayi taku, matan kuma a ba mu gida ɗaya da za su taru ranar Asabar da hantsi. Limamin unguwarmu ya san gidanmu, duk masallacin da ya shirya a aiko ta wajensa.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
wata sista daga Gadarif